KWABO BIYU A KABARIN BABA

Shafi na 17

Masu tambaya ko Jin-fa mugu ne, ba zan amsa ba. Ga shafin nan, ku yanke da kanku.

*

Kwana uku ke nan Jin-fa yana yawo da ƙanwarsa Bi-yun a garin Keelung kamar baƙuwar da ta sauko daga jirgin ruwa.

Ya kai ta gidajen nan masu fenti kala-kala na bakin ruwa. Ya kai ta tsohuwar ganuwa mai igwa. Ya ɗauke ta hoto a gaban duwatsun da teku ya sassaƙe. Duk wuraren da ta yi wasa a cikinsu ba takalmi, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, sai da ya nuna mata su da yatsa yana yi mata bayani.

Gidansa ne kawai bai kai ta ba. A otal ya sauke ta.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ita ce ta ce masa yawon buɗe ido ta zo.

Safiyar rana ta huɗu ta same su a kasuwar bakin haikali, a kan wani benci da ya jiƙe ta gefe ɗaya. Yayyafi na sauka a kan rumfa. Tururi na tashi daga kowace tukunya, mutane na cin abinci kafaɗa da kafaɗa, kowa da lemarsa tsakanin gwiwoyi.

Goggo A-Ju mai rumfar ta dire musu kwanuka.

"Miyar ƙaguwa biyu, shinkafa biyu. Kai Jin-fa, sabuwa ka yi? Matarka ta sani?"

"Haba Goggo. Ki dube ta da kyau mana."

Tsohuwar ta goge hannu a zanin aikinta, ta sunkuyo, ta ƙanƙance ido.

"Kai! 'Yar Lai mai dako a tashar jirgi? Ke ce mai satar kokwamba a kwanon mutane!"

"Ni ce, Goggo."

"To ina naman jikinki ya tafi? Mutanen kudu sun daina girki ne? Mijin naki fa?"

"Mun rabu. Shekara tara ke nan."

"Kin huta. Ni nawa sai da na zauna jiran ya mutu. 'Ya'ya nawa?"

"Babu."

Goggo A-Ju ta dube ta. Ta juya, ta ɗebo naman ƙaguwa cike da ludayi, ta ƙara mata a kwano, ta koma wurin tukunyarta tana yi wa wani mai babur faɗa a kan ya tare mata hanya.

Bi-yun ta kai cokali baki. Miyar tana nan yadda ta san ta, da kaurinta da ɗan tsaminta. Ta gane haka ne da ido da hanci. A harshenta kuwa kamar ta tsotsi ƙusa.

Ta haɗiye. Ta ajiye cokalin.

"Ci mana," in ji Jin-fa, bakinsa cike da shinkafa. "Jiya ma haka kika yi da wainar ƙwai da kawar teku. Da can ke ce mai lashe kwanon kowa."

"Goggo," Bi-yun ta ɗaga murya, "a ƙulla mini soyayyen kifin nan da aka kirɓa. A cika kokwamba. Kada a sa yaji."

Jin-fa ya daina tauna. Mutum ɗaya ya sani da ke cin kifin nan haka.

"Na wa?"

"Na Baba."

"Yau gidan tarihi na ce za mu."

"Na gaji da hoto, Yaya. Dutse za mu hau."

"Ba lokacin sharar kabari ba ne."

"Ban zo da tsintsiya ba."

"Kin san abin da nake nufi." Ya rage murya, ya waiga. "'Yar da ta yi aure ta fita..."

"Ba ta hawa kabarin gidansu, kada ta kwashe arzikin 'yan'uwanta maza. Na sani." Ta ɗago 'yar jakar da ke cinyarta. "Dubi wannan. Ka ga wurin zuba arziki a ciki?"

Bai yi dariya ba.

Wata biyu da suka wuce ta kira shi a waya. Ta roƙe shi abu ɗaya: ranar da ta mutu, a rubuta sunanta a allon kakanni da ke kan teburin ɗakinsa, ƙarƙashin sunan Baba da na Mama, inda ake kunna turare kowace safiya, ake ajiye shinkafa ranar biki. Ya ce ba shi ne mai allon ba, sai ya tambayi Baba. Bayan kwana biyu ya kira. Ya ce ya jefa kwabo a gaban allon don jin amsar mamacin, Baba ya ce a'a.

"Ai na faɗa miki amsarsa," in ji shi yanzu.

"Ka faɗa. Ina so in ji da kunnena."

"Wato ƙarya na yi miki?"

"Ban ce ba. Ka san Baba da kurumta. Wataƙila bai ji tambayar da kyau ba."

Ta miƙe, ta karɓi ledar kifin. A shagon kusurwa ta sayi turaren tsinke da ƙaramar kwalbar giyar shinkafa. Ba ta waiga ta ga ko yana biye da ita ba.

Yana biye.

*

Motar haya ta ajiye su a ƙarshen kwalta, bayan gidajen ƙarshe. Daga nan sai matakala, ta siminti da farko, sannan ta dutse, gansakuka ya yi mata kore.

Matakala ta ɗari Bi-yun ta fara jin zuciyarta a maƙogwaro.

Wasu tsofaffi huɗu masu hawan safe suka sauko ta gefensu, da sanduna da tawul a wuya, rediyo na waƙa a ƙugun ɗaya.

"Sannunku! Saura kaɗan!"

"Ƙarya yake yi, 'yar'uwa," in ji na bayansa. "Tun daga ƙasa yake gaya wa kowa saura kaɗan."

Ta yi musu murmushi. Da suka sha kwana sai ta dafa bishiya, ta sunkuya, cokali ɗayan nan na miya ya dawo, da wani abu mai ɗaci a bayansa.

Jin-fa ya kama damtsenta don kada ta zame.

Yatsunsa suka zagaye damtsen, suka haɗu, har da saura.

Ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya ɗago ya dubi idonta, karo na farko a kwana huɗu ba ta bayan kyamarar waya ba. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa.

"Bi-yun. Mene ne wannan?"

"Sake ni, kana ji mini ciwo."

"Mene ne, na ce."

Ta goge baki da bayan hannu.

"Ciwon daji. A ciki. Ya riga ya bazu."

"Tun yaushe?"

"Na sani tun wata uku."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce zan ga sabuwar shekara idan na yi taurin kai."

Jin-fa ya sake ta. Ya hau matakala uku, ya sauko biyu. Ya cire hularsa, ya mayar.

"Kika bar ni ina ɗaukar ki hoto?"

"Kai ka ce in yi murmushi."

"Kwana uku! Ina ta ja da ke kamar... Me ya hana ki faɗa a waya?"

"Da na faɗa, amsar Baba za ta canza?"



"Akwai babban likita a Taipei," ya ce can. "Surukin abokina ne. Gobe da safe mu..."

"Yaya."

"Ana yin abubuwa yanzu, ba kamar lokacin Mama ba."

"Ba magani na zo nema ba. Wuri na zo nema."

Ta zauna a kan matakala, a cikin jiƙar. Ya buɗe lema ya riƙe a kanta, shi yana tsaye a ruwa.

"Gidan tsohon mijinki Fang fa?" ya ce. "Shekara goma sha takwas kika yi musu."

"Ya yi aure. Sabuwar ta haifa masa namiji. Gurbin da ke gefen sunansa nata ne."

"Ai akwai haikalin da ke karɓar... mata irin haka. Ana kula da su. Ni zan tsaya a kan komai."

"Na je na gani."

"To?"

"Kanta ne daga ƙasa har sama, kamar wurin ajiye takalma. Kowace da lambarta. Wata mata na kunna musu turare ɗaya su duka, tana kallon waya. Na tambaye ta ko dangi na zuwa. Ta ce shekarar farko."

"Ni zan riƙa zuwa."

"Shekarar farko."

Ruwa na ɗiga daga bakin hularsa.

"Ka tuna watan bakwai?" ta ce. "Da Mama ke sa mu fitar da tebur ƙofar gida, mu jera shinkafa da kaza da kwanon ruwa da tawul, don matattun da ba su da kowa? Ta ce kada mu ɗaga ido, kada mu kira su da suna. Mu ajiye mu koma ciki. Su ci a titi, sau ɗaya a shekara."

"Na tuna."

"Na taɓa tambayarta su waye. Ta ce waɗanda ba a rubuta ba."

"Ke da kika yi karatu, kin yarda da wannan?"

"Ban sani ba. Da rana ban yarda ba." Ta dube shi. "Kai fa? Idan ba ka yarda ba, ai rubutu ne kawai a katako. Ka rubuta mana."

Jin-fa ya kawar da kai.

"Ba haka ake yi ba."

"To mu yi yadda ake yi. In tambaye shi a gabanka. Idan ya ce a'a, na rantse ba za ka ƙara jin maganar nan ba. Zan koma kudu da jirgin yamma."

"Idan ya ce eh fa?"

"Kai za ka faɗa."

Ta ga yana lissafi da leɓe. Babbar magana irin wannan ba a karɓar eh ɗaya. Sai uku a jere, ba tsallake. Mutane kan yi wuni a gaban haikali ba su samu uku a jere ba.

"Sau uku," ya ce. "A gabana. Idona ya gani."

"Sannan?"

"Sannan da hannuna zan rubuta sunanki."

"Ka faɗa a nan, a kan dutsensa."

"Na faɗa."

Ta miƙa masa ledar kifin, ta dafa gwiwa ta tashi. Ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau."

"Tashi, tsoho. Mu faɗi mu biyu, a rasa mai rubutu."

Sauran hanyar tana gaba yana baya. Tana jin tafinsa kusa da bayanta, bai taɓa ta ba, bai kuma janye ba.

*

Kabarin yana nan a gefen dutse, fuskarsa na kallon teku, kamar kujera mai hannu biyu, da ɗan filin siminti a gaba. Ciyawa ta taso ta tsagogin. Daga nan ana ganin tashar jirgi duka: kwantenoni jere, injinan ɗaga kaya, wani farin jirgi na masu yawon duniya ya tare rabin ruwan. Baba ne ya zaɓi wurin. Ya ce yana so ya riƙa kallon wasu suna ɗaukar kaya shi yana kwance.

Bi-yun ta kai hannu za ta tuge ciyawa.

"Bari," in ji Jin-fa da sauri. "Ni zan yi."

Ta janye hannun. Ta bar shi ya tuge.

Ta kwance ledar, ta shimfiɗa ta, ta gyara kokwambar a kan kifin. Ta ajiye tsinkayen cin abinci a gefe. Ta tsiyaya giya a murfin kwalba. Turaren ya ƙi kamawa sai da Jin-fa ya kare mata iska da jikinsa.

Ta durƙusa. Simintin ya yi sanyi har cikin ƙashi.

A kan dutsen kabarin, daga ƙasa ta hagu, an sassaƙa sunayen waɗanda mamacin ya bari. Jin-fa. Ɗansa Bo-wen. Shi ke nan. Ta san da haka, amma ta sake karantawa.

Ta ciro kwabo biyu daga aljihu, ta zagaya su a hayaƙin turare sau uku. Kowa ya san yadda amsa take. Ɗaya fuska ɗaya baya, eh ke nan. Duka baya, a'a. Duka fuska, dariya yake yi miki, ki sake tambaya da kyau.

"Baba," ta ce da ƙarfi, yadda ake yi masa magana a shekarunsa na ƙarshe. "Ni ce Bi-yun. Na kawo maka kifin Goggo A-Ju, babu yaji. Na daɗe ban zo ba, an ce kada in zo. Aurena ya mutu, ka sani ko ba ka sani ba. Ban haihu ba. Ni ma ina tafe, kafin sabuwar shekara ko bayanta da kaɗan."

Muryarta ba ta karye ba. Ta yi mamakin haka.

"Ba ni da inda zan zauna. Ina so in dawo gida, a rubuta ni ƙarƙashinka da Mama. Ba na cin abinci da yawa yanzu. Idan ka yarda, ka ba ni eh."

Ta ɗaga hannu biyu zuwa goshi, ta saki.

Ƙarar kwabo a siminti. Ɗaya ya kwanta nan take, ɗaya ya yi rawa ya kwanta.

Fuska. Baya.

"Ɗaya," ta ce.

Jin-fa ya gyaɗa kai. Ya sa hannu biyu a aljihu.

Ta tsince su. Yatsunta sun yi tauri, sai da ta kankaro ɗayan da farce.

"Baba, Yaya na nan tsaye, yana gani. Ka yarda in dawo gida?"

Ta saki.

Baya. Fuska.

"Biyu."

Ta ji numfashinsa ya canza a bayanta.

"Ki huta tukuna," ya ce. "Ki bar shi ya ci abincin."

"Zai ci daga baya."

"Bi-yun, ana barin turare ya kai rabi kafin..."

"Yaushe aka fara?"

Ta tsince su. Wannan karon ta haɗa tafukan ta matse har gefen kwabon ya shiga namanta. Wata uku ba ta roƙi komai ba sai wannan. Ba ta roƙi likita ƙarin kwana ba. Ta ɗauka ta gama da son abu. Ga shi yanzu tana son wannan har tana jin kunya.

"Baba. Na ƙarshe."

Ta saki.

Ɗaya ya faɗi a gaban gwiwarta. Fuska.

Ɗayan ya sauka a kan gefensa, ya mirgina. Ya bi gangaren simintin, ya wuce murfin giya, ya wuce ledar kifi, ya yi kwana, ya fara karkata a gaban takalmin Jin-fa.

Jin-fa ya ɗora ƙafa a kai.

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka.

Bi-yun ta dubi takalmin. Baƙi ne, na roba, laka a gefensa.

"Yaya, ka taka."

"Na sani."

"Ɗaga."

Bai motsa ba.

"Ka gani kafin ka taka?"

"Ban gani ba."

"To ɗaga mu gani tare."

"Ba zan iya ba."

Ta juyo da gwiwoyinta gaba ɗaya. Fuskarsa ta yi fari kamar ta wanda aka tsamo daga ruwa.

"Wata biyu da suka wuce," ta ce a hankali, "da ka ce ka tambaye shi."

"Ban tambaye shi ba."

"Me ya sa?"

"Don na san shi! Yaushe ya taɓa hana ki abu? Kwano ɗaya zai saya mana, ya ce mu raba, sannan ya kwashe ƙaguwar ya tura gefenki. Na ɗauko kwabban, na tsaya a gaban allon, na mayar da su aljihu."

"Ka kira ni ka ce ubana ya ƙi ni."

"Eh."

"Na kwana biyu ban tashi daga gado ba."

"Ban san ba ki da lafiya ba! Na ɗauka maganar shekara talatin nan gaba ce. Na ce kafin nan na mutu, Bo-wen ya san yadda zai yi da ke."

"Yanzu ka sani. Ɗaga ƙafarka."

"Matar Bo-wen na da ciki."

Bi-yun ta ɗago ta dube shi.

"Wan-ru. Wata bakwai. Namiji ne." Yana magana da sauri, idonsa a kan teku. "Ba mu gaya wa kowa ba. Uku suka zube kafin wannan. Na ƙarshen har an saya masa gado. Ke ba ki ga yarinyar nan ba, ta koma kamar inuwa. Ba a buga ƙusa a gidana yanzu, ba a matsar da kujera, ba a ɗaga almakashi kusa da gadonta. Matata Chun-tao ta je wurin mai duba, ya ce gidan a tsaye yake da ƙyar, kada a taɓa allon kakanni, kada a shigo da wanda ba na ciki ba."

"Wanda ba na ciki ba."

"Haka ya faɗa."

"A ɗakin baya aka haife ni, Yaya. Kai ka je kiran ungozoma."

"Na sani!"

"Shi ya sa otal."

"Shi ya sa."

"Tsoro take ji in shiga da ƙafata, ko da sunana?"

"Duka."

Bi-yun ta yi dariya. Gajeriya ce, ta ƙare da tari.

"To ka jira a haihu. Ni ma ba yau zan mutu ba. A haifi yaron lafiya, sannan ka rubuta."

"Idan ya yi zazzaɓi bayan nan fa? Idan ya faɗo daga gado? Duk abin da ya same shi har ya girma, sunanki za a kira. Chun-tao za ta ce Goggonsa ce, ba ta haihu ba, tana son ɗa. Kin san haka ake cewa."

"Ni zan cuci jikanka?"

"Ba ni na ce ba."

"Amma ka yarda."

Ya share fuska da tafin hannu. Ruwa ne ko wani abu, ba ta damu ta sani ba.

"Idan na ɗaga ya ce a'a, zan riƙa ganin fuskarki har in mutu. Idan ya ce eh, na rushe gidana. Ki faɗa mini wanne zan ɗaga in gani."

"Ka yi alkawari a kan dutsensa."

"Na ɗauka ba za ki samu uku ba."

"Na sani. Na ga kana lissafi."

Turaren ya kai rabi. Tokarsa ta lanƙwasa ta faɗi a kan kifin.

Bi-yun ta ja gwiwa, ta matso, ta kama idon sawunsa da hannu biyu. Ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Ta dai riƙe.

"Yaya. Ban da wannan, ban taɓa roƙonka komai ba. Ko ranar da Fang ya fitar mini da akwati ban kira ka ba. Ba na son ɗaki. Ba na son gado. Layi ɗaya ne a katako, bai kai yatsa ba."

"Tashi, don girman Baba, tashi."

"Ina jin tsoro."

Ta faɗa kafin ta san za ta faɗa.

Ta ji ƙafar ta saki a hannunta. Diddigen ya fara ɗagawa.

Wayarsa ta yi ƙara.

Ya tsaya. Ya ciro ta, ya dubi sunan, ya kai kunne. Bai sa ta a fili ba, amma muryar matarsa Chun-tao ba ta buƙatar haka.

"Kana ina? Tun ɗazu nake kira! Wan-ru na zubar da jini! Bo-wen ya tafi da ita asibiti, zanin gadon duk ya... Kana ina, na ce?"

"Ina... ina zuwa."

"Daga ina? Me nake ji kamar iska?"

"Kan dutse."

"Wane dutse?"



"Jin-fa. Wane dutse? Da ita kake?"

"Chun-tao..."

"Ka kai ta kabarin? Ka kai matar nan kabarin Baba?"

Ihun da ya biyo baya ba shi da kalmomi. Ya kashe wayar.

Ya dubi Bi-yun.

Shekara hamsin da biyu ta san fuskar nan. Ta gan ta da fushi, ta gan ta da maye, ta gan ta ranar da aka rufe Mama. Ba ta taɓa ganin yana jin tsoronta ba.

Ta sake masa ƙafa.

"Yaya, ba ni ba ce. Ka san ba ni ba ce. Jini ba ya jiran kwabo."

Ya ɗaga kai sama, ya kafa ido a kan gajimare. A haka ya janye ƙafar, a haka ya juya, bai bari idonsa ya sauka ƙasa ba. Ya bar lemar a nan. Ya kama matakala yana tsallake bibbiyu.

Bi-yun ta sunkuya.

Kwabon na kwance a cikin sawun takalmin, laka ta shafe rabinsa. Ta goge da yatsa, a hankali, don kada ya motsa.

Baya.

Ta dubi na gaban gwiwarta. Fuska.

"Uku," ta ce.

Ba kowa.

Ta rarrafa zuwa bakin simintin, ta kama ciyawa, ta leƙa. Yana can ƙasa, hularsa na ɓullowa tana ɓacewa tsakanin bishiyoyi.

"Yaya! Ya ce eh! Uku ne! Ban taɓa ba, yana nan yadda ya faɗi, zo ka gani da idonka!"

Hular ta tsaya.

Bai juyo ba. Muryarsa ce kawai ta hauro, iska na yanka ta.

"Kada ki zo asibitin."